Ɗaure Kare A Gida A Tafi Nema: Zaluncin Da Aka Mayar Ba Komai Ba

 

Akwai wani nau'in zalunci da ya yaɗu a 'yan shekarun nan a garuruwan Funtua da Malumfashi da Bakori da Danja da Ƙafur da ƙauyukan da ke kewaye da su, wanda ba a cika jin sa a kan mumbari ba, ba a kuma tattauna shi a majalisun hira, saboda wanda ake zalunta ɗin ba shi da bakin kai ƙara. Wannan zalunci kuwa shi ne yadda magidanci zai samo kare don gadin gidansa ko siton hatsinsa ko gidan gonarsa, ya ɗaure shi da guntuwar sarƙa a jikin turke, ya ja ƙofa ya datse da kwaɗo tun da sassafe, ya tafi neman abincinsa, ya bar dabbar Allah ita kaɗai a cikin rana, ba ruwa, ba abinci, ba inuwa. In an yi masa magana sai ya ce, "Haba Malam, ai aikin rabin yini ne, da azahar na dawo. Kuma ma dai ai kare ne." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

YADDA ABIN YA SAMO ASALI

Bahaushen wannan yanki ya daɗe da sanin kare. Mafarauci yana da karnukansa, Bafulatani makiyayi yana da nasa, manomi kuma yakan ajiye don korar biri da ɓarawon masara. Amma duk waɗannan karnuka a tare suke da masu su. Suna bin su daji, suna bin su gona, suna sha inda suka sha, suna kwanciya a inuwar da suka kwanta. Abin da yake sabo shi ne karen da aka mayar tamkar kwaɗon ƙofa, a ajiye shi a manta da shi sai dare ya yi.

Ba ɓoyayyen abu ba ne abin da ya jawo haka. Tun da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, barci ya ƙaurace wa idon talakan kudancin Katsina. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a dare ɗaya. A 2021 abin ya kai har aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori. A watan Agusta na 2025 kuma aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a cikin masallaci a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi. Ga kuma ƙananan ɓarayi masu haura katanga, masu fasa rumbu da sito, masu kwance akuya da babur. Mutumin da ya ga hukuma ta kasa tsare masa rai da dukiya, dole ya nemi abin da zai farkar da shi cikin dare. Da yawa sai suka koma ga kare. Babban alhakin wannan hali yana wuyan mahukuntan da suka karɓi amanar tsaro suka tozarta ta, kuma za su yi bayani a gaban Allah. Sai dai zaluncin da mahukunta suka yi wa talaka bai ba talaka lasisin ya juya ya zalunci abin da ke ƙarƙashinsa ba.

"AI AIKIN RABIN YINI NE"

Wannan shi ne uzuri na farko, kuma duk wanda ya san yadda ake nema a wannan yanki ya san ƙaryar da ke cikinsa. Ɗan ƙwadagon da ya tafi cirar auduga ko karyar masara ko yankan waken suya da kaka, yaushe ne ya taɓa dawowa da azahar? Mai dakon buhuna a kasuwar hatsi ta Ɗandume, ko mai loda kwandunan tumatir da rake a Danja, ko wanda ya samu aikin wucin gadi a injin gurzar auduga, ai ba shi ne ke yanke lokacin tashi ba. Mota ce ba ta cika ba, mai gona ne bai zo da kuɗin sallama ba, hanya ce aka ce ba lafiya a jira. Malamin makarantar kuɗi da ke tashi ƙarfe biyu, daga can sai ya wuce acaɓa ko shago don cike gurbin albashin da ba ya kai wata. Rabin yinin nan sai ya koma magariba, wani lokaci ma a kwana.

To a cikin waɗannan awoyi me ke faruwa da dabbar da aka bari? A watannin Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan kusanci digiri 40. Allah bai halicci kare da yin gumi a jiki irin na ɗan Adam ba, da lallage harshe da haki yake rage zafin jikinsa, wannan hakin kuwa ruwan jikinsa yake ƙonewa. Idan babu ruwan da zai mayar, babu inuwar da zai fake, cikin 'yan awoyi zafi zai iya kashe shi. Inuwar da mai gida ya gani da safe a gindin katanga, kafin hantsi ya dubi ludayi ta gushe, sarƙa kuwa ba ta kai inda ta koma. Ɗan kwanon ruwan da aka ajiye, da zagayen turke ɗaya sarƙa ta kifar da shi. Nan zai yi kashi, nan zai yi fitsari, nan zai kwanta, ƙudaje na cin kunnuwansa har su yi gyambo, kaska ta cika masa jiki, sarƙa ta ci wuya. Maƙwabta suna jin kukansa tun hantsi har muryarsa ta dushe, su ce karen wane ya cika haushi, alhali kuwa roƙon ruwa yake yi da harshen da Allah Ya ba shi.

Da damina kuma ruwan sama ne zai ƙare a kansa. Da hunturu sanyi ne. Shi kuwa mai shi yana can yana neman halal, ya tsaya ya yi azahar da la'asar cikin jam'i, yana roƙon Allah Ya ji ƙansa.

ME SHARI'A TA CE?

Babu ɗalibin Islamiyyar da bai ji labarin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa ba. Bukhari da Muslim duk sun fitar da shi. Laifinta shi ne ta tsare kyanwar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci da kanta ba, har ta mutu. A duba da kyau, ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta yanka ta ba. Kullewa kawai ta yi ta juya baya. Shin wane bambanci ke tsakanin wannan mata da magidancin da ya ɗaure kare ya datse ƙofa ya tafi? Ita kyanwa, shi kare, aikin kuwa ɗaya ne, wal'iyazu billahi.

A ɗaya ɓangaren kuma ga hadisin Abu Huraira (RA), shi ma a Bukhari da Muslim, na matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya tarar da kare yana lasar danshin ƙasa saboda ƙishi. Sai ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da shi. Allah Ya gode masa, Ya gafarta masa. Da Sahabbai suka yi mamakin ashe akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar musu cewa akwai lada a kan kyautata wa duk wani mai rai. Akwai kuma ruwayar wata mazinaciya daga Banu Isra'ila da aka gafarta mata saboda irin wannan aikin, shi ma kare ne ta shayar. Abin lura a nan shi ne, karen nan ba na matafiyin ba ne, ba na matar ba ne, babu wani amfani da yake yi musu. To yaya hukuncin wanda kare yake kwana yana tsare masa iyali da dukiya, amma ya hana shi abin da baƙo ya ba karen hanya?

Abu Dawuda ya fitar da labarin raƙumin wani mutumin Madina da ya ga Manzon Allah (SAW) ya kama kuka yana zubar da hawaye. Manzo ya shafa shi har ya natsu, sannan ya nemi mai shi, ya yi masa faɗa a kan ya ji tsoron Allah game da dabbar da Allah Ya mallaka masa, domin ta kai ƙarar cewa yana barin ta da yunwa yana kuma wahalar da ita da aiki. A Suratul An'ami, aya ta 38, Allah Ta'ala Ya bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar mutane, kuma gare Shi za a tattara su. Muslim ya ruwaito cewa ranar ƙiyama har tsakanin tunkiya mai ƙaho da marar ƙaho za a yi sakayya. Idan dabba da dabba ba a bar su ba, ina ga mai hankali da ya zalunci marar hankali?

Malaman fiƙihun Malikiyya ba su bar wannan a matsayin wa'azi kawai ba, hukunci suka mayar da shi. A cikin Mukhtasar na Shaikh Khalil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita matuƙar ba ta da inda za ta yi kiwo da kanta, in ya ƙi kuwa a tilasta masa ya fitar da ita daga hannunsa. Karen da ke ɗaure a turke wane kiwo zai yi? Haka kuma a babin taimama, masu sharhin Mukhtasar sun bayyana cewa idan mutum yana da ruwa kaɗan, yana kuma tsoron dabbar da ke tare da shi ta halaka da ƙishi, to ya shayar da ita shi ya yi taimama, kuma sun ambaci karen da aka yi izinin riƙewa a cikin wannan hukunci. Ruwan alwala ke nan fa, ruwan sallar farilla, shari'a ta ce a ba kare. Shaikh Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan hijira, ya jero haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, daga ciki har da ci gaba da ciyar da su ko da sun tsufa ko sun yi rashin lafiyar da ba a ƙara amfana da su.

"AI KARE NAJASA NE"

Uzuri na biyu ke nan, kuma shi ne ya fi yawo a bakin masu ganin kansu masu addini. Da farko dai, a mazhabar Imamu Malik da mafi yawan mutanen wannan ƙasa suka tashi a kanta, kare mai rai tsarkakakke ne, umarnin wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallage a ciki kuwa bauta ce da ake bi don an yi umarni da ita. Wasu mazhabobin suna ganin najasarsa, kuma saɓani ne sananne tsakanin malamai. Amma ko a wurin waɗanda suka ce najasa ne, babu malami ɗaya da ya ce najasar ta halatta a kashe shi da ƙishirwa. Wanda ya ji tsoron yawun kare ya taɓa masa riga, amma bai ji tsoron haƙƙin kare ya hau masa wuya ba, lallai ya karanta babin tsarki ya tsallake babin zalunci.

Sannan idan har ƙyamar ta kai haka, me ya kai shi ajiyewa tun farko? Shari'a ba ta buɗe ƙofar riƙon kare a sake ba. Hadisai ingantattu sun nuna cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ana rage masa lada mai yawa a kowace rana, kuma Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake ciki. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya kawo wannan hani a littafinsa. Duk da haka masu sharhin Risala sun hakaito cewa shi da kansa, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa da ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da ya ajiye abin da ya fi kare tsanani. A kan irin wannan ne malamai da dama suka yi ƙiyasin halaccin karen gadin gida idan akwai buƙata ta gaskiya, kuma babu mai musun cewa mutanen Faskari da Malumfashi suna cikin wannan buƙata a yau. To amma rangwame ne aka yi saboda lalura, kuma rangwamen yana tafe da nauyinsa. Ba ya yiwuwa mutum ya karɓi fatawar halacci da hannu biyu, ya yi watsi da fatawar ciyarwa.

Akwai kuma masu cewa da gangan suke barin sa da yunwa don ya yi zafi, wai ƙoshi yana sa kare lalaci. Wannan jahilci ne a kan zalunci. Karen da ya yini cikin rana ba ruwa, da dare a galabaice yake, kuma duk wanda ya jefo masa loma daga bayan katanga ya zama ubangidansa. Ɓarayi sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa da nama mai guba suke fara sallama. Bahaushe ya ce ba a kiwon kare ranar farauta.

Wasu kuma sukan ce mutane ma ba su ƙoshi ba, ana maganar kare. Gaskiya ne ana cikin tsadar rayuwa, kuma ɗan Adam shi ne gaba. Amma nawa ne kuɗin ruwan rijiya? Nawa ne kuɗin zana biyu da za a kafa rumfa? Ƙanzon tukunya da ragowar tuwo da ake zubarwa a bola fa? Wanda da gaske ba shi da ko wannan, to ba shi da halin riƙon kare, sai ya ba wanda zai iya.

CUTAR TANA KOMAWA KAN MAƘWABTA

Wannan zalunci ba a kan dabbar kaɗai yake tsayawa ba. Karen da ya saba da ɗauri da yunwa da kaɗaici yakan zama mai cizo. Ranar da sarƙa ta tsinke, wa zai fara cin karo da shi? Almajirin da ya leƙo yana bara, yarinya mai tallar ƙosai, yaron maƙwabta da ya haura ɗauko ƙwallo. A fiƙihun Malikiyya, mai kare mai cizo da aka yi wa gargaɗi bai ɗauki mataki ba, shi ke da lamunin ɓarnar da karen ya yi. Wani kuma da ya gaji da ciyarwa sai ya kwance shi ya bar shi yana yawon bola da mahauta, ya haɗu da karnukan da ba su da mai su, ya kwaso ciwon haukan kare ya kawo cikin unguwa.

Ciwon haukan kare kuwa ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Alhali rigakafinsa sananne ne, allura ce ake yi wa kare tun yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa ta. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar don allura, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.

BA KWAIKWAYON TURAWA AKE KIRA BA

Wani zai ce wannan ai maganar Turawa ce. A Ingila akwai ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA, wadda asalinta ya koma 1824, tana ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Musulunci ya riga ta da kimanin shekara 1,200, kuma ya ɗaura al'amarin da wuta da aljanna. Musulmi ba ya buƙatar ya koyi tausayi daga waɗanda gwamnatocinsu ke kafa dokar jin daɗin kare a gida, suna sayar da makaman da ake rusa gidaje a kan yara a wasu ƙasashe. Haka nan abin Allah wadai ne yadda wasu 'ya'yan masu hali suka ɗauki ɗabi'ar sayen karnukan ƙasashen waje da kuɗi masu yawa don ado da alfahari, suna shigar da su falo da mota, alhali maigadinsu bai karya ba. Wancan ya wuce iyaka, wannan ya gaza, shari'a kuwa tana tsakiya: kare yana waje a wurin aikinsa, da cikinsa a ƙoshe, da ruwansa a gabansa.

ABIN DA YA WAJABA

Wanda lalura ta sa ya ajiye kare, kuma nema yana fitar da shi daga gida, to kafin ya sa ƙafa waje ya tabbatar da abubuwa kaɗan. Ya kafa masa rumfar da inuwarta ba ta gushewa daga safe zuwa yamma. Ya sa masa ruwa a mazubi mai nauyi, ko ya binne tsohuwar tukunya rabi a ƙasa yadda ba za ta kife ba. Ya ba shi abinci kafin ya fita. In da hali ya kewaye masa wuri ya sake shi a ciki, in kuwa sai an ɗaure, igiyar ta zama doguwa, abin wuyan kuma marar cin fata. Ya wakilta wani, ɗa ko ƙane ko maƙwabci, wanda zai leƙa da rana ya ƙara ruwa, musamman idan tafiyar ta kwana ce ko ta cin rani. Manomin da zai yini a gona kuwa ya tafi da abinsa kamar yadda iyaye da kakanni suka yi. Ya kai shi wurin malaman dabbobi a yi masa allura. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya miƙa shi ga makiyayi ko mafarauci ko manomin da ke buƙata, ya kuɓutar da wuyansa tun kafin ranar da ba fansa.

Maƙwabcin da ke jin kukan kare a gidan da aka kulle, shi ma akwai nasa. Ya zura ruwa ta ƙarƙashin ƙofa ko ta kan katanga, yana mai kwaɗayin abin da matafiyin nan ya samu, sannan idan mai gida ya dawo ya yi masa nasiha cikin hikima, in ya ƙi ji a kai maganar gaban liman ko mai unguwa. Limamai da malaman Islamiyya na Funtua da Malumfashi da kewaye kuma su ji tsoron Allah su saka wannan a cikin huɗubobi da darussa, domin yaran da suka tashi suna ganin ana jifan kare ana dariya, ana barin sa da ƙishi ba mai cewa uffan, zukatansu kan bushe tun suna ƙanana, kuma wannan yanki ya ga abin da busassun zukata suke aikatawa. Hukumomin ƙananan hukumomi su ma su fito da allurar rigakafi zuwa ƙauyuka, su kuma tuna cewa da sun sauke nauyin tsaro da talaka bai jingina rayuwarsa ga haushin kare ba.

Allah Ya sanya tausayi a zukatan Musulmi, Ya kawo ƙarshen zubar da jini a kudancin Katsina da sauran ƙasashen Musulmi, Ya kuma tsare bayinSa daga tashi ranar ƙiyama da haƙƙin wani mai rai a wuyansu. Amin.